Gasar waƙa a talabijin ɗin Italiya: ita ke yin mawaƙi ko kamfanoni ne ke cin kasuwarsu da ita?

Malam ka tambaya cewa waɗannan gasannin waƙa da ake nunawa a talabijin ɗin Italiya, irin wadda ƙungiyar mawaƙan Måneskin suka fito daga cikinta, shin da gaske su ne ke haifar da taurari ko dai shirin nishaɗi ne kawai kamar yadda Project Fame ta yi tashe a Najeriya sannan ta wuce. Toh harkar rediyo da tallata waƙa ita ce sana'ata kuma kasuwar Italiya tana cikin waɗanda nake bi sosai, don haka bari in warware maka, amma ka yi haƙuri maganar tana da ɗan tsawo.

Da farko dai kar ka haɗa su a kwando ɗaya, nan ne mutanen waje suke ruɗewa. Akwai Sanremo, akwai kuma su Amici da X Factor da The Voice. Duk gasa ake ce musu, duk a talabijin ake nuna su, amma aikinsu daban ne. Su Amici da X Factor mutum suke sayarwa, fuskarsa da labarinsa da kukansa in an fitar da shi. Sanremo kuwa waƙa ake gasa da ita, sabuwa fil wadda ba a taɓa ji ba, kuma mafi yawan masu shiga sun riga sun yi suna. A ganina in ka cire Sanremo daga lissafi masana'antar waƙar Italiya sai ta sake tsarin shekararta gaba ɗaya, in kuwa X Factor ka cire za a ji a jiki amma ba abin da zai tsaya.

Sanremo ƙaramin gari ne a bakin teku a yankin Liguria, dab da iyakar Faransa, an san shi da noman furanni da gidan caca. A 1951 aka fara gasar a cikin zauren gidan cacan nan, kuma dalilin ba wani kishin fasaha bane, neman hanyar jawo baƙi ake lokacin sanyi da kasuwar garin ke mutuwa. A rediyo aka watsa ta, mawaƙa ƙalilan ne suka raba waƙoƙi 20 a tsakaninsu, mutane na zaune suna cin abinci ana rerawa, Nilla Pizzi ta ci. Talabijin ta shigo a 1955, a 1956 kuma aka kafa Eurovision bisa tsarin Sanremo ɗin, wato babbar gasar Turai ɗin nan ma ɗiyarta ce. Tun 1977 aka koma gidan wasa na Ariston kuma can ake yi kusan kowace shekara.

Abin da ya nuna wa kamfanoni cewa akwai kuɗi a wajen shine 1958, da Domenico Modugno ya hau ya buɗe hannayensa ya rera waƙar da duniya ta sani da Volare. Ta ci Sanremo, a Eurovision ta zo ta uku kawai, amma ta tsallaka Amurka ta hau kan gaba a kasuwa, kuma a bikin Grammy na farko a 1959 ita ta ɗauki kyautar faifan shekara da ta waƙar shekara. Daga nan kowane kamfani ya gane cewa dare ɗaya a wannan dandamali ya fi tallar shekara. A 1964 Gigliola Cinquetti tana 'yar shekara 16 ta ci Sanremo ta wuce ta ci Eurovision, ita kuma ta biyo ta wata ƙaramar gasar sabbin muryoyi ne ta Castrocaro, kaga ashe tsarin nan na ƙaramar gasa ta miƙa wa babba ba yau aka fara shi ba.

Ba kullum ake cikin daɗi ba fa. A 1967 Luigi Tenco ya mutu a ɗakin otal ɗinsa a daren da aka fitar da waƙarsa daga gasar, kuma aka ci gaba da shirin, abin da har yanzu Italiyawa ke jin kunyarsa. A shekarun 1970 gasar ta faɗi warwas, Rai wato gidan talabijin na gwamnati ta koma nuna daren ƙarshe kaɗai, manyan marubuta waƙa masu rera abinsu da kansu irin su Fabrizio De André da Francesco Guccini da Francesco De Gregori ba su taɓa shiga gasar ba, a wajensu da masoyansu wurin na masu waƙar soyayya mai arha ne. A farkon shekarun 1980 har an koma kunna faifai mawaƙi na motsa baki. Sai a 1990 aka dawo da gungun makaɗa suna kaɗawa kai tsaye. Mutumin da ya fi riƙe ta a wancan zamani shine Pippo Baudo, sau 13 ya gabatar da ita.

Yanzu ga yadda take aiki, don nan ne amsar tambayarka take. Dare biyar ake yi, Talata zuwa Asabar, yawanci a watan Fabrairu, kuma kowane dare sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ake tashi, mutane na gunaguni amma suna zaune. Akwai mutum ɗaya da ake kira daraktan fasaha, sau da yawa shine mai gabatarwa, shi ke zaɓen waƙoƙin da za su shiga daga cikin ɗaruruwan da kamfanoni suka aiko, a 2024 guda 30 aka ɗauka. Wannan mutumin wallahi a watannin Oktoba da Nuwamba ya fi duk wani shugaban kamfanin waƙa ƙarfi a ƙasar. Sharaɗi babba shine waƙar kada ta fita ko'ina kafin daren farko, in ta fita ana iya korarka. Mawaƙi zai sauko daga matattakalar nan mai tsawo, mai gabatarwa ya karanto sunayen waɗanda suka rubuta waƙar ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan wanda zai jagoranci makaɗa, sannan a fara, ba maimaitawa, in murya ta ƙi toh ta ƙi a gaban mutum sama da miliyan 10. A daren nan ake sakin waƙar a Spotify da YouTube da gidajen rediyo, kafin gari ya waye an fara ganin wadda ta kama. Waƙar Mahmood da Blanco ta 2022 an saurare ta sama da sau miliyan 3 a rana ɗaya a Spotify, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 60 ba.

Kuma ka san wani abin mamaki, wanda ya ci ba a ba shi ko sisi. Wani ɗan mutum-mutumin zaki ne jingine da bishiyar dabino ake miƙa masa, sai kuma damar wakiltar Italiya a Eurovision in yana so, tun 2015 haka tsarin yake. Olly da ya ci a 2025 cewa ya yi a'a, yana da wasanninsa da ya riga ya sayar da tikiti, sai Lucio Corsi da ya zo na biyu ya tafi ya kuma zo na biyar a can. Rai tana ba kowane mawaƙi wani abu na rage ɗawainiya, amma ƙungiyar kamfanonin waƙa, FIMI, ta daɗe tana ƙorafin cewa kuɗin ba ya isa, don otal a Sanremo a wannan makon tsada kamar me, ga tufafi ga masu kwalliya ga ma'aikatan da za a kwasa a kai. Ita kuwa Rai a 2024 ta tara sama da yuro miliyan 60 na talla a cikin dare biyar ɗin, kuma daren ƙarshe sama da kashi 70 cikin 100 na duk wanda ya kunna talabijin a ƙasar ita yake kallo. Toh me ya sa kamfanoni ke ta rububin shiga duk da asarar? Saboda kamar ranar kasuwar mako ce da duk ƙauyukan yankin ke ci, in ba ka baje kayanka ranar ba sai ka bi gida gida da talla. Kamfani zai tsara komai a kan makon, albam ya fito a Fabrairu ko Maris, a sanar da ranakun wasanni ana tsakiyar gasar, tikiti ya ƙare, da bazara a saki wata waƙar rawa ta bakin teku, haka shekara ke juyawa.

Shi ya sa cin gasar bai cika damun masu harkar ba. Vasco Rossi a 1983 na biyun ƙarshe ya zo, waƙar da ya kai ta zama kamar taken ƙasa ga masoyansa, mutumin da daga baya ya tara sama da mutum 200,000 a wasa ɗaya a Modena a 2017. Zucchero ma na biyun ƙarshe ya zo a 1985. Andrea Bocelli a 1995 na huɗu ya zo da Con te partirò, waƙar da ta zagaye duniya bayan nan. Na baya bayan nan Tananai a 2022 shine na ƙarshe ƙarshe, muryarsa ta yi ta zamewa a daren farko, sai ya maida abin wasa yana yi wa kansa dariya a intanet, matasa suka so shi a kan haka, da ya dawo a 2023 ya zo na biyar kuma tuni ya zama babban suna. A gefe guda ga Jalisse da suka ci a 1997 suka ɓace daga manyan dandamali, shekara da shekaru suna aika waƙa ana mayar musu. Ɓangaren sabbin mawaƙa na Sanremo kuwa shi ya fito da Eros Ramazzotti a 1984 da Laura Pausini a 1993 da Bocelli ɗin a 1994, wato manyan sunayen da Italiya ta fi sayarwa a ƙasashen waje ta ƙofa ɗaya suka bi.

Toh mu koma kan su Amici. Wannan shirin Maria De Filippi ne a tashoshin Mediaset, kamfanin iyalan Berlusconi, an fara shi a 2001 da wani suna daban sannan aka maida shi Amici. Tsarinsa makaranta ce, ana ɗaukar matasa mawaƙa da masu rawa a ajiye su a gida ɗaya tun wajen Satumba har Mayu, ana nuna su kusan kullum da rana, malamai na faɗa da juna a kansu, sannan da bazara ta gabato a koma babban shirin daren Asabar ana fitar da su ɗaya ɗaya. Ka lura da tsawon lokacin, wata takwas mutum na shiga falon gidanku kullum, kun ga fushinsa kun ga soyayyarsa, ai dole a shaƙu. Ƙarfin Amici kenan, yaro na fitowa da rundunar masoya da za su kashe kuɗin katinsu wajen yi masa ƙuri'a ta waya.

Wannan rundunar ce ta girgiza Sanremo. Marco Carta ya ci Amici a 2008 ya ci Sanremo a 2009. Valerio Scanu ɗan Amici ya ci a 2010, kuma daren nan ne aka yi abin da ba a manta ba, da aka sanar da waɗanda suka kai zagayen ƙarshe aka ga an fitar da Malika Ayane, sai makaɗan da ke zaune a gaban dandamali suka duƙunƙune takardun kiɗansu suka yi ta jifa da su, mutanen da aikinsu su yi shiru su kaɗa. Emma Marrone ta ci Amici a 2010 ta ci Sanremo a 2012, Marco Mengoni da ya ci X Factor a 2009 ya ci Sanremo a 2013. Kaga daga 2009 zuwa 2013 sau huɗu cikin biyar 'yan waɗannan shirye-shirye ne suka ɗauka. Lokacin kuma kasuwar faifai ta durƙushe, satar waƙa ta intanet ta cinye CD, kamfanoni ba su da kuɗin da za su ɗauki yaro su raine shi shekara uku huɗu kafin ya kawo riba, sai suka bar wa talabijin aikin neman sabbin murya, su dai su jira a bakin ƙofa da kwantiragi. Wannan shine ainihin rawar da waɗannan gasanni suka taka, sun ɗauke wa kamfanoni kasada da kuɗin talla.

X Factor ta zo a 2008 a Rai 2 sannan ta koma Sky a 2011, kuma shekaru da yawa ladan wanda ya ci kwantiragi ne da Sony. Tun zangon farko ta nuna halinta. Wata ƙungiya mai suna Aram Quartet ce ta ci, cikin shekara biyu suka watse. Wadda ta zo ta biyu kuwa, Giusy Ferreri, mai karɓar kuɗi ce a babban kanti, Tiziano Ferro ya sa hannu a waƙarta ta farko, waƙar ta mamaye bazarar 2008 gaba ɗaya. Noemi a zango na biyu ba ta kai ko ƙarshe ba amma ita aka ci gaba da ji. Mahmood a 2012 tun da wuri aka sallame shi. Su Måneskin da ka ambata, yara ne da ke kiɗa a bakin titi a birnin Rum, a 2017 na biyu suka zo, Lorenzo Licitra ne ya ci. Kuma ka duba da kyau, X Factor ta sa an san su a Italiya, amma duniya ba ta san su ba sai da suka ci Sanremo a 2021 suka wuce Rotterdam suka ci Eurovision, nasarar Italiya ta farko tun Toto Cutugno a 1990. Bayan nan ne waƙar Beggin' da suka maimaita tun a X Factor shekara huɗu baya ta fashe a TikTok, har suka buɗe wa Rolling Stones wasa a Las Vegas a ƙarshen shekarar. Matakala uku kenan suka taka, in ka ce X Factor ce ta yi su ka faɗi kashi ɗaya cikin uku na labarin.

The Voice kam ba sai na daɗe a kanta ba. Abin da aka fi tunawa da ita shine 2014 da wata 'yar zuhudu ta cocin Katolika, Cristina Scuccia, ta fito cikin kayan zuhudunta ta ci gasar, bidiyon ya zagaye duniya, miliyoyi suka kalla, amma bai zama sana'ar waƙa mai ɗorewa ba. Nan kam maganarka ta tabbata, nishaɗin talabijin ne.

Abin da ya sauya lissafi shine sauraro ta intanet. FIMI ta fara ƙirga shi a jadawalin waƙoƙi a 2014, a jadawalin albam kuma a 2017, nan take aka ga ashe abin da matasan Italiya ke saurara a wayoyinsu ba 'yan Amici bane, mawaƙan gambara ne da suka taso daga unguwannin gefen Milan da Rum da Napoli ta YouTube, su Sfera Ebbasta da Ghali, ga kuma masu zaman kansu irin Calcutta, ba wanda ya tsaya a gaban alƙalan talabijin kafin ya yi suna. Sanremo a lokacin ta zama shirin iyaye da kakanni. Claudio Baglioni ya fara buɗe ƙofa a 2018 da 2019, sannan Amadeus da ya riƙe ta daga 2020 zuwa 2024, tsohon ɗan rediyo ne, ya zo da dabara mai sauƙi, ya riƙa zaɓen waƙar da kunnensa ya ce za ta yi tashe a rediyo da waya, ya cakuɗa tsofaffin taurari da yaran da kaka ba ta taɓa jin sunansu ba. Lazza ɗan gambara ya zo na biyu a 2023, Ghali ɗan 'yan Tunisiya ya zo na huɗu a 2024. Ga kuma wasan FantaSanremo da wasu abokai suka ƙirƙira a wata mashaya a yankin Marche, kowa ya haɗa tawagar mawaƙansa yana tara maki bisa abin da suka yi a dandamali, har mawaƙan suka fara yin abubuwan ban dariya da gangan don masoyansu su samu maki. Abin kamar shirme amma shi ya zaunar da 'yan shekara 20 gaban talabijin da waya a hannu har biyun dare.

Sai rigimar ƙuri'a, wadda ba ta ƙarewa. Ba jama'a kaɗai ke zaɓe ba, ana raba nauyin ne, a shekarun nan kusan kashi uku daidai tsakanin ƙuri'ar waya da 'yan jarida da gidajen rediyo. A 2019 Ultimo ya samu kusan rabin ƙuri'un waya a zagayen ƙarshe, Mahmood ne na ƙarshe cikin ukun a wajen jama'a, amma 'yan jarida da kwamitin alƙalai suka ɗaga shi ya ci. Mahmood haifaffen Milan ne, uwa 'yar Sardiniya uba ɗan Masar, waƙar tasa Soldi har da ɗan layi na Larabci a ciki, sai maganar ta koma siyasa, Matteo Salvini yana ministan cikin gida ya rubuta cewa shi da Ultimo zai zaɓa. Mahmood ya je Eurovision ya zo na biyu, Ultimo kuma ya koma yana cika filayen ƙwallo, kowa ya samu nasa. A 2024 aka maimaita, Geolier ɗan Napoli da ya yi waƙa da harshen garinsu ya kwashi wajen kashi 60 na ƙuri'ar waya, Angelina Mango ta ci da ƙuri'ar 'yan jarida da rediyo. A daren Juma'ar makon, daren da ake rera tsofaffin waƙoƙi, da aka ce Geolier ne na ɗaya sai wasu 'yan kallo a zauren suka yi ta busa fito na nuna ƙin amincewa suna ficewa, 'yan kudu kuma suka ce wannan tsohon rainin da arewa ke musu ne. Ni dai ina ganin raba ƙuri'ar yana da amfani, in aka bar wa waya kaɗai toh mai rundunar masoya ne zai ci kullum ko me ya rera, amma kuma ba daɗi a sa mutane su biya kuɗin saƙo sannan 'yan ɗaki ɗaya su juya sakamakon.

Wa ke cin ribar a ƙarshe? Rai da masu talla na farko. Manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke da mafi yawan mawaƙan da ke shiga. Sai wasu da ba a ganin fuskarsu, marubutan waƙa. In ka saurari sunayen da ake karantowa kafin kowace waƙa za ka ji ana ta maimaita wasu ƙalilan, Federica Abbate, Davide Petrella, Davide Simonetta, Dardust, mutum ɗaya hannunsa na cikin waƙoƙi huɗu biyar shida da ke gasa da juna. A 2025 an yi ta surutu a kan haka. Su ne ke karɓar kuɗin haƙƙin mallaka ta hannun SIAE, hukumar da ke tara wa marubuta kuɗin haƙƙinsu, duk sanda aka kunna waƙar a rediyo ko shago ko wajen biki, ko mawaƙin ya ɗore ko ya ɓace. Kuma shi ya sa waƙoƙin ke kama da juna, minti uku, amshi ya shigo da wuri, a samu ɗan yankin da zai yi daidai da bidiyon TikTok. Wannan shine babban abin da nake zargin tsarin da shi, ya sa kasuwar ta yi ƙarfi amma ya matse ta. Ƙarfin kuwa gaskiya ne, a shekarun baya bayan nan an sha samun cewa albam goma da suka fi kasuwa a shekara duk na 'yan ƙasar ne, ba Ba'amurke ko Baturen Ingila ko ɗaya, kuma Sanremo na da hannu sosai a ciki.

Su yaran kuma akwai farashin da suke biya. Sangiovanni ya fito daga Amici a 2021 yana ɗan shekara 18, waƙoƙinsa suka cika ko'ina, ya shiga Sanremo a 2022 ya zo na biyar, ya koma a 2024 ya zo can ƙasa, bayan kwanaki ya sanar cewa ya dakatar da albam da wasa domin ba shi da ƙarfin ci gaba da nuna kamar lafiya lau yake. Angelina Mango ta yi Amici a 2023, Sanremo da Eurovision da albam da yawon wasanni duk a 2024, kafin shekarar ta ƙare ta tsayar da wasanninta saboda lafiya. Gudun ya yi yawa. Kuma waɗannan su ne ma waɗanda suka yi nasara, bayansu akwai tarin waɗanda aka yi musu albam ɗaya cikin gaggawa a makon da shirin ya ƙare, aka zagaya da su manyan kantuna suna sa hannu a CD, watan Satumba na zuwa aka kawo sabon aji kamfani ya juya musu baya. Waɗanda suka ɗore irin Annalisa da ta zo ta biyu a Amici a 2011 ko Elodie da ta zo ta biyu a 2016, sai da suka kwashe shekaru suna sauya salo da furodusa kafin a daina kiransu 'yan Amici, Annalisa sai wajen 2022 da 2023 ta kai ƙololuwa, shekara goma sha bayan shirin. Ultimo kuwa ya nemi shiga Amici da X Factor ba a ɗauke shi ba, ta ɓangaren sabbin mawaƙa na Sanremo ya shigo a 2018.

Game da kwatancenka da Project Fame, akwai kama ta wajen cewa shirin na ba da fuska amma waƙa ce ke riƙe mutum, Iyanya ma ai sai da ya sauya salo shekaru bayan ya ci kafin ya fashe. Bambancin shine a Najeriya babu wani mako guda da duk ƙasa ke zama ta ji sabbin waƙoƙi 30 a lokaci ɗaya, don haka wanda ya fito daga gasa ba shi da mataki na gaba da zai taka sai dai ya faɗa kasuwa da kansa.

Wani abu da ya faru kwanan baya zai nuna maka darajar abin. Sunan gasar mallakar ƙaramar hukumar Sanremo ne, ba na Rai ba, kuma a Disamban 2024 kotun harkokin mulki ta yankin Liguria ta yanke cewa ba daidai bane a riƙa miƙa wa Rai shiryawa kai tsaye ba tare da an buɗe wa kowa takara ba. Aka buɗe takarar a 2025, Rai ce kaɗai ta nema, aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin da garin zai samu har ana raɗe-raɗin za a ɗauke gasar zuwa wani birni, daga baya suka daidaita ta ci gaba da zama a Ariston.